Rana Mai Ɓarna, Rana Mai Gyara

A ƙarshen shekarar 2023 mujallar kimiyya mai suna Science ta buga rahotanni biyu a fitowa ɗaya, daga ayarin masu bincike biyu da kowanne ya yi aikinsa daban, kuma dukansu a kan abu guda suka tsaya: yadda wani furotin mai suna fotolayas yake kama hasken rana ya gyara ɓarnar da ita ranar ta yi wa DNA. Ayari na farko shi ne na Nina-Eleni Christou da Thomas Lane na cibiyar DESY da ke Hamburg a Jamus. Na biyu kuwa shi ne na Manuel Maestre-Reyna da Ming-Daw Tsai na Academia Sinica a Taiwan, tare da Lars-Oliver Essen na Jami'ar Marburg da abokan aikinsu na Japan. Da labarin ya bazu, sai aka riƙa cewa an ɗauki fim ɗin gyaran DNA. Kalmar tana da daɗi a kunne, amma ina ganin ta rufe abin da ya fi muhimmanci. Abin da nake son kafa hujja a kansa yau shi ne, sanin siffar furotin bai isa a ce an san aikinsa ba, domin aikin a cikin lokaci yake gudana, mataki bayan mataki. Sannan abin da ya sa ya kamata a yarda da waɗannan hotuna ba kyawunsu ba ne, dacewarsu ce da shaidar da aka samo ta wata hanya daban tun shekaru kafin su.

Sai mu fara da ɓarnar kanta. A kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai zaren DNA wanda in aka warware shi zai kai kimanin mita 2, an rubuta shi da haruffa huɗu kacal, A da C da G da T. Tare da hasken ranar da muke gani akwai wani wanda ido ba ya gani, ana ce masa altirabayolet. In wannan haske ya faɗa a inda haruffan T biyu suke maƙwabtaka a kan zaren, yakan sa su manne wa juna da ɗauri biyu, kamar yadda maƙeri yake haɗa ƙarfe biyu da walda. Daga nan injin da yake karanta zaren ko yake kwafarsa sai ya zo ya cije a wurin, ko kuma ya karanta ba daidai ba ya wuce. In ya cije, ƙwayar na iya mutuwa. In ya karanta ba daidai ba, kuskuren ya zauna ke nan, kuma tarin irin waɗannan kurakurai ne tushen yawancin sankarar fata. Duk abin da yake rayuwa a ƙarƙashin rana yana fama da wannan, daga ƙwayar bakteriya har zuwa ganyen dawa.

A 1949 wani masani mai suna Albert Kelner, yana aiki a Cold Spring Harbor ta Amurka, ya bayyana wani abu da ya daɗe yana ɗaure masa kai. Yakan haska wa ƙwayoyin Streptomyces griseus hasken altirabayolet, amma adadin waɗanda suke tsira bai taɓa tsayawa wuri ɗaya ba. Da farko ya zargi zafi da sanyi. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa waɗanda hasken da ido ke gani ya taɓa bayan ɓarnar su ne suke farfaɗowa. A ƙarshen shekarun 1950 Claud Rupert ya nuna cewa wani inzayim ne, wato furotin mai gudanar da aikin sinadari, yake yin gyaran, shi ne fotolayas. A 1978 kuma ɗalibinsa a Jami'ar Texas da ke Dallas, Aziz Sancar, ɗan garin Savur a lardin Mardin na Turkiyya, ya ware ƙwayar gadon da take haifar da inzayim ɗin. Sancar ne ya samu kyautar Nobel ta ilimin sinadarai a 2015, tare da Tomas Lindahl da Paul Modrich, a kan hanyoyin gyaran DNA. Abin da aka tattaro cikin waɗannan shekaru shi ne: fotolayas yana lalubo wurin da T biyu suka manne, ya lanƙwasa zaren, ya juyo da su waje ya cusa su a wani ɗan aljihu a jikinsa. A gindin aljihun akwai wani sinadari, filabin, wanda daga bitamin B2 ake gina shi. Da shuɗin haske ya same shi, sai ya ba wa T biyun aron ilektiron ɗaya, ɗaurin ya tsinke, ilektiron ya koma gida. Ba a yanke komai ba, ba a sauya komai ba, zaren ya koma yadda yake.

To, ta yaya ake ganin abin da ya yi ƙanƙanta haka? Tun 1912, da Max von Laue ya nuna cewa kiristal yana warwatsa hasken eksire cikin tsari, aka samu hanya. Ƙwayar gishiri ko ta sukari kiristal ce, ma'ana zarrorin cikinta sun jeru sahu-sahu ba karkata. In aka shawo kan furotin ya jeru haka, aka haska masa eksire, ɗige-ɗigen da suke fitowa a allo su ne ake lissafawa a gano mazaunin kowace zarra. Da haka John Kendrew ya fitar da siffar furotin na farko a 1958, da haka kuma aka fitar da siffar fotolayas na bakteriyar E. coli a 1995. Amma a duba abin da ya faru a 2004, domin shi ne ya fi komai nuna iyakar wannan hanya. Ayarin Essen da Thomas Carell suka yi nasarar haɗa kiristal na fotolayas riƙe da DNA mai ɓarna, suka daskarar da shi, suka kai shi gaban eksire don su ga inzayim ɗin da ɓarnar a hannunsa. Da suka kammala lissafi, sai suka tarar ɗaurin ya riga ya tsinke. Hasken eksiren da suka yi amfani da shi wajen dubawa shi ya kwance ɗaurin. Sun samu hoto mai daraja ƙwarai, amma hoton bayan an gama ne. Abin da ya auku tsakanin farko da ƙarshe bai bar sawu ba.

Wannan matsala tsohuwa ce, kuma duk wanda ya taɓa kallon sukuwa zai gane ta. A 1878, a gonar Leland Stanford da ke Palo Alto a Kalifoniya, Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen fili ya ɗauki doki yana gudu, hoto bayan hoto, har aka tabbatar cewa akwai lokacin da kofatansa huɗu duk suke sama, kuma a lokacin a naɗe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba yadda masu zane suka saba nunawa. Hoton doki a turke, komai kyawunsa, ba zai taɓa amsa wannan tambaya ba. A ƙasar Jami'ar Stanford, wadda aka gina a kan waccan gona, aka kunna na'urar LCLS a 2009, leza ta farko a duniya mai fitar da eksire mai ƙarfi. Bayanta SACLA ta Japan ta biyo, sai SwissFEL ta Cibiyar Paul Scherrer a Suwizalan mai tsawon kimanin mita 740, da European XFEL ta Hamburg mai tsawon kilomita 3.4. Waɗannan na'urori suna harba walƙiyar eksire wadda tsawonta bai wuce 'yan gomomin femtosakan ba, shi kuwa femtosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan sau biliyan na sakan guda. Ƙarfin walƙiyar yakan tarwatsa kiristal ɗin nan take. Sai dai tun a 2000 Richard Neutze da Janos Hajdu da abokansu a Uppsala ta Suwidin suka lissafa cewa in walƙiyar ta yi gajarta sosai, hoton zai riga tarwatsewar fita, kuma a 2011 ayarin Henry Chapman ya tabbatar da hakan a aikace da ƙananan kiristal na furotin. Abin da ya lalata gwajin 2004, wato eksire ya taɓa abin da ake son gani, an tsere masa da sauri.

Ga yadda ake gwajin. Ana kwaɓa dubban ƙananan kiristal a cikin wani abu mai kauri, a riƙa matso shi siriri kamar man goge baki yana ratsa gaban na'urar. Tun da siffar filabin mai aiki ba ta jure iskar oksijin, dole a shirya komai a inda iska ba ta shiga. Kowane kiristal da ya iso, sai a fara buga masa walƙiyar haske mai tayar da inzayim ɗin, a jira ɗan lokacin da aka ƙayyade, sannan a buga masa eksire, ya ba da hoto ɗaya ya mutu. Sai an tara dubban irin wannan hoto kafin a samu siffa guda ta wannan lokaci, sannan a sauya tsawon jiran a sake daga farko. Shi ya sa na ce kalmar fim tana ɓatar da mutane. Muybridge doki ɗaya ya bi. Nan kuwa tamkar an saki dubban dawakai ne ɗaya bayan ɗaya, kowanne aka ɗauke shi sau ɗaya tak a wani ƙayyadadden lokaci bayan an buga tambari, sannan aka haɗa hotunan aka ce ga yadda doki yake gudu. Dukkan ayarin biyu fotolayas na Methanosarcina mazei suka ɗauka, wata ƙwayar halitta mai fitar da iskar mitan da ke zama a cikin laka. Ayarin Hamburg a SwissFEL ya yi aikinsa, ya bi al'amarin daga fikosakan 3 zuwa maikurosakan 100. Ayarin Taiwan ya yi amfani da SACLA da SwissFEL, ya tara siffofi 18.

Waɗannan sunaye na lokaci ba sa zama a kai, don haka bari mu miƙe su. Fikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na sakan, kuma a cikinsa haske, duk da saurinsa, bai wuce ya ci kashi 3 cikin 10 na milimita ba. Mu ɗauka fikosakan ɗaya ya zama sakan ɗaya a agogonmu. A wannan agogo, sakan 3 bayan walƙiya, filabin ya riga ya lanƙwashe sosai, kamar fikafikan malam-buɗe-littafi, kuma inzayim ɗin yana riƙe da shi a wannan hali har ya miƙa ilektiron. Daga nan ɗaurin biyu ba tare suke tsinkewa ba. Ɗaya ne yake fara tafiya, a ga T biyun a rataye da ɗauri guda, sannan na biyun ya bi. Wannan duka cikin mintuna ne zuwa 'yan sa'o'i a agogon namu. Amma kafin sassan inzayim ɗin su gama komawa mazauninsu, a lissafin ayarin Taiwan, sai an kai nanosakan 500, wato kusan kwana 6. Juyawar T biyun su fita daga aljihu su koma cikin zaren kuwa, an kama ta ne tsakanin maikurosakan 25 da 200, wato daga wata 9 da rabi zuwa sama da shekara 6 a wannan agogo. Kuma fitar ma da tsari take. Ayarin Hamburg ya nuna cewa da zarar an raba T biyun, sai su buƙaci fili fiye da wanda aljihun yake da shi, wurin ya cunkushe, ƙananan riƙon da suke tsakaninsu da inzayim ɗin su saki, ɗaya ya fara fita, sannan ɗayan.

A nan nake ganin ribar aikin take, kuma a nan nake son mai sauraro ya ɗan tsaya. Shekara da shekaru hankalin masana yana kan tsinkewar ɗaurin, domin ita ce sinadarin, ita ce abin burgewa. Sai ga shi ita ce mafi gajarta a cikin tafiyar, sakin abin da aka gyara ya fi ta tsawo sau dubbai. Ban da haka, an ga dalilin da ya sa inzayim ɗin ba ya riƙe zaren bayan ya gama da shi. Aljihun an yi shi daidai da T biyu a manne, bai dace da T biyu a rabe ba, saboda haka gyaran da kansa shi yake korar abin da aka gyara. Tela ne wanda ɗinkin ƙarshe yake ture rigar daga kan keke. Babu hoton farko ko na ƙarshe da zai nuna wannan, domin cunkoson a tsakiya yake aukuwa kuma ba ya daɗewa. Duk mai son ƙera inzayim na kansa, kuma yau masu son hakan suna da yawa, yana buƙatar wannan darasi: furotin da ya iya kamawa da yankewa amma bai iya saki ba, sau ɗaya zai yi aiki ya tsaya.

Akwai masu ja, kuma jan nasu ba na banza ba ne. Na farko za su ce, ai an riga an sani. Gaskiya ne an san da yawa. Dongping Zhong na Jami'ar Jihar Ohio, wanda ya yi karatu a hannun Ahmed Zewail, Bamisiren da ya samu Nobel a 1999 kan nazarin sinadarai a ma'aunin femtosakan, ya auna waɗannan matakai tare da Sancar ta hanyar lura da yadda launin hasken da sinadaran suke sha yake sauyawa. A 2011 suka bayar da lissafin fotolayas na E. coli: ilektiron yana tafiya cikin kimanin fikosakan 250, ɗauri na farko yana tsinkewa kusan nan take, na biyu cikin kimanin fikosakan 90, ilektiron ya dawo cikin kimanin fikosakan 700, kuma cikin kowane tashi 100 na filabin fiye da 80 suna ƙarewa da gyara. Ashe batun tsinkewa ɗaya bayan ɗaya ba sabo ba ne. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, amma a wannan fage ban yarda da korar ba. Hanyar Zhong kamar mutum ne a bayan katanga yana sauraron maƙera. Yana iya ƙirga bugun guduma daidai, ya san tazarar da ke tsakaninsu, amma bai ga inda guduma take sauka ba, kuma duk motsin da ba ya ƙara ya wuce shi. Fitar T biyu daga aljihu ba ta sauya launin komai, don haka kunnensa bai kama ta ba. Shi kuma mai leƙe ta taga yana ganin hannun maƙeri, amma da ƙyar yake tantance lokaci, kuma gilashin tagar na iya karkatar masa da gani. Da mai ji da mai gani suka ba da labari ɗaya a kan jerin tsinkewar, kowannensu ya ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Sannan amincin da mai gani ya samu a wurin da aka iya gwada shi ne ya sa muke saurarensa a wurin da shi kaɗai ne shaida.

Ja na biyu ya fi na farko kaifi. Kiristal ba ƙwayar halitta ba ce. A cikinsa furotin a matse yake tsakanin maƙwabta, guntun DNA ɗin da aka ba shi gajere ne, ba dogon zare mai naɗe ba. Mai yiwuwa ne matsin ya rage saurin fitar T biyun ko ya sauya hanyarta, kuma duk wanda ya ɗauki maikurosakan 25 zuwa 200 a matsayin ainihin abin da yake faruwa a cikin rai ya wuce inda shaida ta tsaya. Akwai kuma batun ƙarfin walƙiyar da ake tayar da inzayim da ita. Tun da ba dukkan furotin ɗin cikin kiristal ne suke tashi ba, siffar da ake samu gauraye ce ta waɗanda suka motsa da waɗanda ba su motsa ba, sai an cire ɗaya daga ɗaya da lissafi. Don alamar ta fito fili, masu bincike sukan ƙara ƙarfin hasken, har sinadari ɗaya ya sha ƙwayar haske biyu ko fiye, abin da ba ya faruwa a ƙarƙashin rana. Wannan ba zargi ba ne daga waje. A 2024 Thomas Barends da Ilme Schlichting na Cibiyar Max Planck da ke Heidelberg suka buga a mujallar Nature cewa sun maimaita gwajin da su da kansu suka yi a 2015 a kan furotin mayogulobin, wannan karon da haske mai sauƙi, kuma motsin farko-farko da suka gani ya bambanta. Ina girmama wannan aiki ƙwarai, domin ba kowa ne yake komawa ya tone nasa ginin ba. Amsar da zan bayar ita ce, wannan gargaɗi ya fi shafar fikosakan na farko-farko, lokacin da rarar zafin hasken bai gama bajewa ba, don haka lanƙwasar filabin ita ce ta fi buƙatar a sake gwada ta da haske iri-iri. Jerin tsinkewar ɗaurin kuwa yana da shaidu uku: ayari biyu da suka shirya kiristal ɗinsu daban suka yi lissafinsu daban, da kuma ma'aunin Zhong wanda a cikin ruwa aka yi shi, babu kiristal ko ɗaya. Kuskuren da zai yaudari dukkan ukun ta fuska guda ba ƙaramin kuskure ba ne, kuma mai da'awarsa shi ya kamata ya kawo shi.

Wasu kuma za su ce kwamfuta ta riga ta gama da wannan fage, tun da manhajar AlphaFold tana hasashen siffar furotin cikin mintuna, har Demis Hassabis da John Jumper suka samu rabin Nobel ta 2024 a kanta. Manhajar abin yabo ce, amma daga siffofin da aka riga aka auna ta yi karatu, kuma kusan dukkansu hotunan doki a turke ne. Ba za ta faɗa maka wane ɗauri ne yake fara tsinkewa ba. In ana son wata rana kwamfuta ta iya hasashen motsi, sai an tara mata irin waɗannan ma'aunai ta koya daga gare su.

Ja na ƙarshe shi ne wanda na fi jin nauyinsa. Ginin European XFEL kaɗai ya ci sama da yuro biliyan 1, ga shi kuma mutum ba shi da fotolayas ma. Tsirrai suna da shi, ƙwari da kifaye da kwaɗi suna da shi, dabbobi masu jaka irin su kangaru suna da shi, amma dabbobi masu mabiyiya, har da mu, babu. Mu da wata hanya muke gyara, wadda Sancar ɗin nan ya yi bayaninta: a yanke guntun zare mai haruffa kimanin 30 a zubar, a sake cike gurbin. Waɗanda aka haifa wannan hanya ba ta aiki a jikinsu, masu cutar da James Cleaver ya gano tushenta a 1968, rana kaɗan take jawo musu sankarar fata tun suna yara. Zabiya kuwa hanyar gyaransu lafiya lau take, garkuwar launin fata ce babu, sai ɓarnar ta yi wa gyaran yawa, kuma sankarar fata na cikin manyan abubuwan da suke kashe su a Afirka. Ba zan yaudari kowa ba: abin da zabiya yake buƙata yau hula ce mai faɗi, da riga mai dogon hannu, da man kariya mai araha, da likitan da zai duba shi a kan kari. Rahotannin 2023 ba su ba shi ko ɗaya daga ciki ba. Akwai mayukan shafawa da ake sa wa fotolayas, kuma wani gwaji da ayarin Jean Krutmann ya buga a 2000 ya nuna raguwar mannewar T a fatar mutum da kashi 40 zuwa 45 cikin 100, amma wannan ya riga hotunan nan da shekara 23, ba daga gare su ya fito ba.

Duk da haka, cewa fotolayas bai shafe mu ba kuskure ne, domin abincinmu da shi yake tsayawa a rana. Jun Hidema na Jami'ar Tohoku a Japan ya nuna cewa bambancin jure hasken altirabayolet tsakanin irin shinkafar Sasanishiki mai juriya da Norin 1 mai rauni yana komawa ga ɗan sauyi a ginin fotolayas ɗinsu. A 2020 kuma shi da Gideon Mmbando suka ruwaito cewa yawancin ire-iren shinkafar Afirka da suka gwada a ƙarƙashin fitilar altirabayolet, ciki har da Oryza glaberrima, tsohuwar shinkafar da aka fara nomawa a yankin kogin Neja, sun nuna rauni sosai, kuma sun danganta hakan da irin fotolayas ɗinsu da yawansa. Gwajin fitila ba gona ba ne, amma tambayar da ya tayar ta masu kiwon iri ce kai tsaye: wane sauyi ne a jikin inzayim ɗin yake rage masa aiki, a kamawa ne, ko a miƙa ilektiron, ko a saki? Sai wanda ya san matakan ɗaya bayan ɗaya zai iya amsa ta. Haka nan masu tsabtace ruwa da fitilar altirabayolet sun daɗe da sanin cewa bakteriyar da aka zaci ta mutu tana iya farfaɗowa in ruwan ya fito rana, abin da Kelner ya gani ke nan, shi ya sa ake ƙara ƙarfin hasken fiye da abin da gyaran zai iya cim wa. Mu ma ba mu rabu da dangin gaba ɗaya ba, domin furotin kiriftokurom da yake cikin agogon jikinmu na barci da farkawa ɗan'uwan fotolayas ne, ginin kusan ɗaya, aikin ya sauya.

Inda hanyar take da ƙunci da gaske shi ne wajen tambarin farawa. An zaɓi fotolayas ne domin haske ne yake tayar da shi, ana iya cewa da dukkan furotin ɗin cikin kiristal su tashi a lokaci guda. Yawancin inzayim ɗin jiki, har da masu gyaran DNA ɗinmu da waɗanda magunguna suke nufa, ba sa jin kiran haske. Don su ake gwada wasu dabaru biyu: a haɗa kiristal da abin da zai yi aiki a kansa a cikin siririn bututu dab da eksire, ko kuma a kulle sinadarin da wani murfi wanda walƙiya take ɓallewa. Dabarar haɗawa ba ta wuce ma'aunin milisakan da kewayensa, domin sai sinadarin ya ratsa cikin kiristal, don haka ba za ta kama tsinkewar ɗauri ba, amma za ta iya kama kamawa da saki. Kuma in darasin fotolayas ya tabbata a sauran, a wannan ɓangare mai jinkiri ne tambayoyi da yawa suke kwance. Leza masu irin wannan eksire ba su wuce a ƙirga da yatsu ba a duniya, kuma Afirka ba ta da ko ƙanwarsu, wato na'urar sinkurotiron, duk da cewa tun taron Grenoble na 2015 masananta suke neman a gina ɗaya. Kafin nan, ƙofar da take buɗe ita ce ta neman lokacin aiki a waɗancan cibiyoyi, inda ake tantance buƙatu bisa ingancin tambayar da mai bincike ya kawo. Fotolayas na shinkafar kogin Neja, a ajiye shi gefe da gefe da na Sasanishiki a bi su mataki-mataki, tambaya ce da ta isa a shiga layi da ita.